Zanen da Na Cire daga Akwatinki

Likoro,
Ranar Laraba.

Zuwa ga mai jego,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da yaron da ke bayanki. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya sa ki tarar da maigidanki cikin ƙoshin lafiya, ya raya abin da ya ba ku a kan tafarkin Musulunci. Amin.

Ba labarin gida zan ba ki ba, daga cikinsa kika fito. Idan kin buɗe akwatinki za ki nemi baƙin zanen saƙin nan da gwaggonki Ladi take ɗaure miki ciki da shi tun ranar da kika haihu, ba kuwa za ki gan shi ba. Kada ki zargi yaran gida, kada ki zargi yaron mota. Ni na cire shi, na sa wannan takarda a gurbinsa. Ki karanta ta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ke ce 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dubi idonki na yi miki magana ba. A ɗakin Iya kakarki kika tashi, Allah ya ji ƙanta, har kike kirana Malama kamar sauran yaran unguwa. Haka aka yi mini, haka na yi miki, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba sai da kika zo wankan jegon nan. Abin da bakina ya kasa faɗa, hannuna zai rubuta, tun da dai an sa ki makaranta kina karanta boko.

Ranar da kika yi arba'in ina zaune a ƙofar ɗakina na ga kin tashi daga kan tabarma. Kin dafa bango da hannu ɗaya, kin riƙe kwankwaso da ɗayan, kin yi ɗan nishi, sannan kika miƙe. Ba wanda ya lura sai ni. Na san wannan tashin, domin nawa ne. Da shi na fara. Inda ya kai ni kuwa kin gani da idonki: igiya ce rataye a azarar ɗakina, da ita nake jawo jikina daga gado, kuma na daɗe rabon goshina da ƙasa. A zaune nake salla. Abin da nake tsoro ke nan a kanki, ba wani abu ba.

Bari in faro miki daga farko.

Lokacin da aka ɗauke ni daga Ikara aka kai ni makarantar 'yan mata ta kwana, akwai wata Baturiya da muke ce wa Uwar Usur, saboda usur ɗin da ba ya barin wuyanta. Kowace safiya sai ta fitar da mu fili, mu shimfiɗa tabarmi, ta sa mu atisaye. A ciki har da na ciki: a kwanta rigingine, a tanƙwara gwiwa, a ɗago kai da kafaɗu, a koma a hankali. Takan ce, da Hausarta mai karkata, "Ciki shi ne ginshiƙi. Ba ginshiƙi, ɗaki ya zauna." Mu yi ta dariya a ɓoye muna kwaikwayonta. Ni kuwa na fi kowa iyawa, na kuma fi kowa sanin na iya. Ba don lafiya nake yi ba, don a ce 'yar Ikara ta fi kowa ne. Sai in sarƙe hannuwa a ƙeya in fizgo kaina da ƙarfi, in riga kowa tashi. Uwar Usur ta tsaya a kaina ta ce da wuya nake yi ba da ciki ba, in rage sauri. Na ɗauka baƙin ciki take yi mini. Kuskurena na farko ke nan: na koyi abin don a gani, ban tsaya na san amfaninsa ba. Abin da aka koya don a gani kuwa, ranar da aka yi wa mutum dariya a kansa ranar zai yar da shi.

Saboda haka ki ji. Ba gasa za ki yi ba, ba kuma don ki koma sirirya mijinki ya yaba ba. Wannan tunanin 'yan matan birni ne, ki fitar da shi daga kanki. Ki shimfiɗa tabarma a ƙasa, ba kan gadon ƙarfen nan mai lotsawa da na ji an saya miki ba. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Da farko ba ma ɗagowa za ki yi ba. Ki ja numfashi, sannan ki sake shi sannu a hankali, kina jawo cibiyarki ciki kamar za ta taɓa gadon bayanki, kina danna kwankwasonki a kan tabarmar har ya zama hannu ba zai iya shiga tsakani ba. Ki riƙe kaɗan, ki saki. Shi ke nan. Za ki ce wannan ai ba komai ba ne. Ni ma haka na ce.

Bayan na haife ki, na gama wankana a Ikara na dawo nan Likoro, na tuna da Uwar Usur, domin cikina ya saki kamar salkar da aka juye ruwanta. Wata hantsi na kwanta a ɗakina na fara. Ban saki asabari ba. Sai ga Ladi, lokacin tana 'yar budurwa, ta shigo aron maburgi. Ta gan ni a ƙasa ina ɗagowa ina komawa. Ta saki ƙara ta fita da gudu.

"Iya! Iya! Ki zo, matar Yaya ta faɗi! Iskoki sun buge ta!"

Kafin in gyara ɗaurin zanena ɗaki ya cika. Iya ta shigo da kaskon wuta tana zuba turare, wata maƙwabciya tana tofa mini addu'a a fuska, wata ta danne mini ƙafafu. Da ƙyar na samu suka saurare ni. Na ce lafiyata ƙalau, motsa jiki ne da aka koya mana a makaranta don ciki ya koma. Iya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mu da muka cika gidan nan da 'ya'ya ba mu yi birgima a ƙasa ba, sai ke mai guda ɗaya? In ƙarfi kike nema, ga turmi can, ga dawa."

Da a nan abin ya tsaya da na jure. Amma labari ya fita. Duk gidan suna ko bikin da na shiga sai wata ta kashe ido ta ce, "Malama, a ɗan gwada mana sallar Turawan nan mana, ko ma samu lada." Mata su kwashe da shewa. Dama ana kallona a matsayin wadda boko ya taɓa, sai ga shi an sa addinina a ciki. Mahaifinki, wanda bai cika magana ba, ya kira ni ya ce, "Don Allah ki rufa mana asiri." Na daina. Na yi shekaru ban sake ba.

Na san abin da yake daidai, na bar shi saboda dariyar mata. Yau ina matan? Wasu sun rasu, wasu sun manta, ita Ladi tana nan garau tana tsallake kwata. Ba wadda ta zo ta ɗauke mini ciwon ko na yini ɗaya. Saboda haka ki saki labulenki, ki sa sakata, kada ki yi wa kowa bayani. A gidan hayar da kuke akwai mata iri-iri, kuma bakin mata ɗaya ne ko a Likoro ko a Kaduna. Mijinki kaɗai za ki gaya wa, cikin ladabi. Akawu ne, ya yi makaranta, shi ma an sa shi atisaye. Idan ya yi dariya, ki bar shi ya gama, ki ci gaba.

Yanzu maganar zanen.

Ban ce ɗaurin ciki mugun abu ne ba. A kwanakin farko, lokacin da jiki yake ɗanye, yana riƙe mai jego ta ji daɗin tashi da zama. Iyayenmu ba mahaukata ba ne. Amma da an yi arba'in sukan kwance. Ni ce ban kwance ba. Da na bar atisaye sai na rungumi zane. Idan na ɗaure tamau sai in ji bayana ya tsaya, cikina ya ɓace a cikin riga. Da shi nake daka, da shi nake jan guga, da shi nake tsayuwa gaban allo lokacin da nake koyarwa a Makarfi. Kowace haihuwa sai in ƙara tamkewa. Zane yana yin aikin, naman cikina yana barci. Duk abin da aka ɗauke wa aikinsa kuwa mutuwa yake yi, ko mutum ko jijiya. Ban farga ba sai ranar da na wanke zanen bai bushe ba, na ɗauki masakin hatsi haka nan, na ji ƙuguna yana rawa kamar ba nawa ba. Maimakon in tsorata in gyara, sai na sa aka saƙo mini na biyu, don kada a sake samun ranar da ba ni da shi.

Ke ma na ji ki shekaranjiya kina ce wa Ladi, "Gwaggo, ƙara ja, idan babu shi ji nake kamar cikina zai zubo." Maganata ce sak, har muryar. Shi ya sa na cire.

Kwanakin farko za ki ji kamar an zare miki wani abu. Ki yi haƙuri da wannan jin, shi ne alamar naman ya farka ya ga ba mai yi masa aiki. Idan jan cibiyar nan ya zauna miki, sai ki gwada wannan: kina kwance yadda na ce, ki sa yatsunki a saman cibiya, ki ɗago kanki kaɗan. Idan kin ji rami a tsakiya yatsu suna nutsewa, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tudu ya tsiro, to naman bai haɗe ba tukuna. Kada ki ɗago fiye da haka. Ki goya yaronki ki tafi asibitin mata ki nuna wa sista, ki bi abin da ta ce. Kuna da asibiti a kusa, ba kamar mu da sai an jira motar Hunkuyi ba. Wadda take da wannan gatan ta zauna tana nishi a ɗaki, ba haƙuri take yi ba, sakarci ne.

Ni da ciwon ya fara kama ni ba asibiti na nufa ba. Ni da na yi karatu, na san sunayen ƙasusuwa da Turanci, wanzami na aika aka kira. Ya kafa mini ƙaho a baya, ya tsaga, ya nuna mini baƙin jini a ƙoƙo ya ce ga ciwon nan ya fita. Na ji sauƙi kwana biyu. Bayan nan duk kaka sai wanzamin ya dawo. Bayana yanzu duk tabo ne kamar an yi wa ƙwarya zane, ciwon kuwa yana nan inda yake. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gada ya yi. Ni ce na san inda gyaran yake na ƙi zuwa, domin ƙaho ba a yi wa mutum dariya a kansa.

Abin da ya kwantar da ni gaba ɗaya kuwa shi ne wannan. Shekarar da aka samu mulkin kai, ana koya wa 'yan makaranta fareti a fili, kullum ina jin usur daga cikin gida. Sai zuciyata ta tashi. Na ce ƙasa ma ta miƙe da ƙafarta, ni me zai hana? Na shiga ɗaki, wannan karon na sa sakata. Na kwance zane, na cusa ƙafafuna ƙarƙashin gado, na sarƙe hannu a ƙeya kamar ina 'yar makaranta, na ɗauke numfashi na fizgo jikina. Na yi na farko da ƙyar. Na ji zafi kamar an soka mini tsinke a kwankwaso, na ce tsatsa ce take fita. Na sake fizgowa. Abin da na ji a bayana ba zan iya kwatanta miki ba. Ƙafata ta hagu ta mutu har yatsu. Ga sakata na sa, ga shi ba na iya rarrafe. Sai da aka ɓalle ƙofar. Ladin nan dai ce ta fara shigowa, ta tsaya riƙe da haɓa.

"Inna lillahi! Malama, da girmanki? Ashe ba ki bar sallar nan ba?"

A motar rake aka kai ni Zariya, a kwance kan ɗaurin rake, kowane rami ina jinsa har cikin haƙorina. Likita ya duba, ya yi abin da zai iya, ya ba ni magani. Na tambaye shi da Turanci ko zan koma kamar da. Bai ce a'a ba, amma ya daɗe yana gyara takardun gabansa.

Abin da na bari shekara da shekaru na so in rama shi a hantsi ɗaya. Jiki ba ya karɓar ramuwa irin wannan. Saboda haka idan sista ta ce naman ya haɗe, kika fara ɗagowa, ki ɗora hannuwanki a ƙirji ko a cinya, kada ki kai su ƙeya. Kada ki maƙale ƙafa a ƙarƙashin komai. Ki saki numfashi lokacin da kike ɗagowa, kada ki ɗauke shi kamar mai naƙuda. Kafaɗu kawai za su bar tabarma, ba sai kin zauna ba, sannan ki koma a hankali, domin komawar ma aiki ce. Kaɗan ya isa. Ranar da kika ji ƙarfi, ranar ce za ki fi tsoron kanki. Ki bambanta ɗumin gajiya a naman ciki, wanda ba komai, da zafi mai suka a baya ko a mara. Idan kin ji mai sukar, ko kika ga jini ya dawo, ki tsaya nan take ki tafi asibiti. Kada ki yi bayan kin cika ciki da tuwo. Da hantsi, yaro ya sha ya yi barci, maigida ya tafi ofis, lokacinki ke nan. Idan wata rana ta wuce ba ki yi ba, kada ki ninka washegari.

Kuma ba a kan tabarma kaɗai ake yi ba. Idan za ki tashi daga kwance, ki juya gefe tukuna ki dafa ƙasa. Idan za ki ɗauki bokiti ko yaro, ki durƙusa da gwiwa ki jawo cibiya, kada ki sunkuya da baya a sake. Yaron nan kullum nauyi zai ƙara, a ƙugunki kuma zai rayu har a yaye shi, kafin nan wataƙila wani yana tafe.

Na tambayi malamai, sun ce sallar zaune karɓaɓɓiya ce ga wanda ya kasa, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Na yarda, ban yi jayayya ba. Amma wanda ciwo ya same shi daga sama daban, wanda ya gina nasa da hannunsa daban. Idan na sunkuyar da kai a madadin sujada, ina ganin tabarmar nan kusa, tazarar ba ta fi kamu biyu ba, amma ta fi mini Makka nisa. Ranar suna kuma, da Ladi ta ɗora mini jaririn a cinya tana cewa, "Ga angonki nan, sai a tashi a yi masa tuwo," kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na so in ɗaga shi zuwa kafaɗata in ji ƙanshin kansa. Bayana ya ƙi. Na ce a ɗauke mini wannan miji marar haƙori, ba na so. Kun ɗauka wasan kaka da jika ne.

Sau ɗaya na gwada yi miki magana a cikin kwanakin nan, ko kin tuna? Ladi tana tamke miki zane bayan wankan yamma, na dubi yaron na ce, "Kai ango, ka gaya wa uwarka ta sassauta ɗamarar nan haka." Ladi ta ce, "To, an fara. Jaririn ma sallar Turawan za a koya masa?" Kika yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, labarin kika tashi kina ji a ɗakin Iya. Amma na ja bakina na yi shiru, kamar yadda na yi tun kina cikin tsumma. Kwana arba'in kina gabana ina kallon ana ɗaure ki, kunya ta hana ni tsallaka tsakar gida. Wannan ma kuskure ne, kuma shi ne na baya-bayan nan.

Ba na yaudarar kaina. Na san wadda ta yi miki wanka, ta dama miki kunun kanwa, ta kwana da ke, maganarta ta fi tawa nauyi a wurinki. Me za ki koya game da ƙarfin baya daga matar da igiya ke tayarwa? Na san kuma zane ba wuyar samu yake yi a kasuwar Kaduna ba. Wataƙila kafin Juma'a kin sayi wani, kin ninke wannan takarda kin sa ƙarƙashin kwanuka. Ni aka gaya mini da baki, aka tsaya a kaina da usur, ban ji ba, balle ke da takarda kawai aka aiko miki. Amma na faɗa. Ranar da za a tambaye ni, ba zan ce na yi shiru har ƙarshe ba.

Ba sai kin ba ni amsa ba, ba a saba ba, kuma ban san yadda zan karanta ta a gaban mutane ba. Idan Allah ya kai mu babbar salla kuka zo, zan zauna a ƙofar ɗakina inda na saba. Ba zan ce miki komai ba. Zan dai duba yadda za ki tashi daga tabarma.

Abu ɗaya nake roƙo. Yau, idan kin sauke kaya kin yi alwala, kika kai goshinki ƙasa, kada ki yi saurin ɗagowa. Ki ɗan daɗe. Ki ji sanyin ƙasar sosai, ki san abin da nake ce miki kada ki rasa.

Ki gaida maigidanki. Ki shafa mini kan angon nawa, ki ce masa zanen uwarsa yana wurina, shi zan yi wa shimfiɗa da shi idan ya zo. Allah ya kiyaye ku dare da rana, ya tsare gabanku da bayanku, ya ba ki lafiyar da za ki bauta masa a tsaye har ƙarshen ranki. Allah ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
wadda kike ce wa Malama.